Fukafukan Kwale-kwalen Bahago

Tiyon man injin yana cikin jakar Nas. Kowa a gidan ya san haka, amma ba mai ɗauko zancen a gaban Bahago.

Bahago masunci ne, tun yana saurayi yake jifa da birgi, ragar nan da ake wurgawa a tsaye, a babban tafkin da ke gangaren unguwarsu. Da hagu yake jifa, da hagu yake tuƙi, da hagu yake nuna mutum in ransa ya ɓaci, har sunan ya bi shi, jikokinsa ma ba su san yana da wani ba. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zo, bai zaɓi ko'ina ba sai hagun. Ƙafar ta dawo da kaɗan-kaɗan, yana jan ta amma tana kai shi inda yake so. Bakin ya ɗan karkace, magana tana fita da nauyi. Hannun kuwa ya kwanta a cinya ya ƙi tashi.

Da ya ji ƙarfi-ƙarfi bai nemi izinin kowa ba. Ya sulale bakin ruwa, ya tada inji, ya miƙe tsaye cikin kwale-kwale, ya gwada jefa birgi da dama. Birgin ya tafi, shi ma ya bi shi. Allah ya sa masu ɗiban yashi suna kusa, su suka tsamo shi. A ranar babbar 'yarsa, wadda ke aikin jinya a asibiti, ta sauka bakin ruwa da fararen kayan aikinta, ta zare tiyon da ke kai mai cikin inji, ta naɗe shi ta jefa a jaka. 'Yan unguwa Nas suke ce mata. Uban kuwa Likita yake ce mata, musamman in yana jin haushinta.

Bayan ya warware daga ruwan da ya sha, ta same shi a tsakar gida ta zauna a kan tabarma kusa da ƙafarsa.

"Baba, akwai mai son kwale-kwalen nan. Ya yi mini magana, ban ba shi amsa ba tukuna."

"Kin tambayi mai shi?"

"Mai shi ne na ga an shimfiɗe a kan yashi ana matsa masa ciki. Ni ba kifin nake ƙi ba, Baba, tsayuwar nake ƙi. Ranar da ka nuna mini za ka iya kama kifi a zaune, tun daga fita har dawowa ba ka miƙe ba, da hannuna zan mayar da tiyo. In kuwa damina ta sauka ba ka nuna ba, zan ce wa mutumin ya zo ya ɗauka."

Ta faɗi haka ne don ta san ba a jefa birgi a zaune. Shi ma ya sani. Ya ja kujerarsa zuwa gindin bishiyar ƙofar gida, inda ake hango ruwa ta tsakanin gidaje biyu, ya yi kwanaki yana kallo.

Abin da yake juyawa a ransa wasu baƙi ne da suka taɓa zuwa tafkin da farin jirgi, tun kafin ya kwanta ciwo. Ba raga, ba birgi. Suna zaune abinsu kamar masu jiran shayi, inji yana tafiya a hankali, ga wasu katakai biyu suna tsaga ruwa, ɗaya can dama, ɗaya can hagu, nesa da jirgin, kowanne yana jan zaren ƙugiya a bayansa. Masunta suka yi ta dariya, wai manya sun fito da kayan wasansu wanka. Bahago bai yi dariya ba, don ya ga irin kifin da suka ɗaga. Ya kuma san dalili. Babban kifi ba ya son ƙarar inji a kansa, in jirgi ya taho sai ya kauce gefe, to a gefen nan katakon yake kai masa ƙugiya. Rannan ɗaya daga cikin katakan ya maƙale a ciyawa, shi ya ciro musu. Kafin ya miƙa, ya jujjuya shi a hannu, ya shafa shi gaba da baya, yadda yake yi wa kowane abu na ruwa.

Shagon ƙaninsa yana bayan kasuwa, tsakanin mai walda da mai gyaran firji. Auta ake ce masa, ko da yake gemunsa ya riga na yayan yin fari. Kafinta ne na kujeru da gadaje, mutum mai tsabtar aiki, fensir a bayan kunne, abin awo a aljihu. Ba ya barin tebur ya fita daga shagonsa sai ya ɗora kofi cike da ruwa a kai ya ga bai karkata ba. Ruwan da ya yarda da shi ke nan a duniya, na cikin kofi. Tun suna yara bai taɓa sa ƙafa a kwale-kwale ba.

"Haba Yaya, ai da ka aiko na zo."

"Na aiko ƙafata, ga ta ta iso. Ba ni benci."

Ya zauna, ya share garin katako da tafin ƙafa, ya duƙa yana zane da yatsan dama, wanda bai saba zane ba.

"Katako nake so mara nauyi, tsawon kamu da ɗan ƙari. Ba kwanciya zai yi a ruwa ba, tsayawa zai yi a kan gefensa kamar wuƙa, don haka a sa masa darma a ƙasa. Hancin nan za ka fere shi ta fuska ɗaya kawai. Zoben da za a ɗaura igiya ma a wannan fuskar, kuma ba a tsakiya ba, ya matso gaba. Guda biyu."

"Ta fuska ɗaya?"

"Ɗaya."

"Ɗayar fa?"

"Ka bar ta yadda ka same ta."

Auta ya dubi zanen, duk ya karkace. Ya ɗago ya dubi bakin yayansa, ya yi saurin mayar da ido ƙasa.

"To, Yaya. An gama."

Da yamma Nas ta biyo ta shagon a hanyarta ta komawa gida, ta tarar da shi yana zaɓen katako. Ya rage murya, ko da yake ba kowa sai ƙarar mai walda.

"'Yata, tun da ciwon nan ya taɓa shi, komai a karkace yake ganinsa. Ni dai zan yi masa, in hakan zai sanyaya masa rai, amma zan miƙe masa shi. Abu mai hanci a gefe ɗaya ba zai fito daga shagon nan ba."

"Baffa, yi masa duk abin da zai zaunar da shi a kan tudu."

Auta ya zuba aiki. Ya fere hancin ta fuska biyu daidai wa daida, tsini a tsakiya kamar na jirgi, ya kafa zobe a kan tsinin, ya goge ya shafa mai har katakon yana ɗaukar ido. Da ya kai su gida, matar Bahago ta ce in ba a yi amfani da su ba a ba ta ta jingina a ɗaki, baƙi su gani. Bahago ya karɓi ɗaya, ya shafa hancin da babban yatsa, ta nan, ta can. Sai ya ce, "Mu je mu tambayi ruwa."

Akwai wata magudana inda ruwan tafkin ke fita zuwa gonaki, da 'yar gada ta siminti a kanta da matakala har ƙasa. Ruwan yana gudu a nan kamar tafiyar jirgi a hankali, don haka ba sai da inji ba. Bahago ya zauna a bakin gadar, ya ɗaura igiya, ya saki katakon. Ruwa ya ɗauke shi, igiya ta miƙe, katako ya tsaya sak a tsakiyar magudanar, kamar akuyar da ta saba da igiya.

"Ka gani?" in ji Auta. "Ko girgiza babu."

"Na gani. Ina ya tafi?"

"Ga shi nan a gabanka."

"To in a bayan jirgi nake son ƙugiyata, me zan yi da katako? Ai sai in saki zare kawai, kifi ya yi ta yi mini dariya daga gefe."

"Yaya, yadda ka faɗa ɗin nan, gani na yi..."

"Auta."

"Na'am."

"Bakina ne ya karkace. Idona yana nan."

Auta ya cire fensir daga bayan kunne, ya dube shi, ya mayar. Sai Bahago ya nuna matakalar da haɓa.

"Sauka ka sa hannunka a ruwan."

"Ni?"

"A'a, mai gyaran firji. Sauka mana, bai kai gwiwa ba, ba zai cinye ka ba."

Auta ya naɗe wando duk da ba shiga zai yi ba, ya sauka da baya yana riƙe da siminti, ya tsuguna a matakalar ƙarshe.

"Miƙe tafin hannunka kamar wuƙa, yatsu suna kallon inda ruwan ke fitowa. Me ka ji?"

"Sanyi."

"Ban da sanyi."

"Ba komai. Wucewa yake ta nan da ta nan."

"To karkata shi kaɗan. Kaɗan na ce."

Auta ya karkata. Ruwan ya fizgi hannun gefe har sai da ya dafa matakala da ɗayan. Ya mayar da shi daidai, ya sake karkatawa, ya sake fizga. Ya gwada ta ɗaya ɓarin. Ya yi ta yi kamar yaron da ya samu sabon abin wasa, har hannun rigarsa ya jiƙe.

"Ikon Allah," ya ce. "Ashe ture shi yake yi."

"Shekara nawa kana shan shi ba ka taɓa gaisawa da shi ba."

Daga ranar aikin ya koma na Auta fiye da na mai shi. Ya ajiye wani gado da aka ba shi, ya nemo katako mai sauƙi, ya fere hanci ta fuska ɗaya yana cije leɓe kamar mai yanka naman jikinsa. Ya matsar da zobe gaba. Ya narka darma a gwangwani ya zuba ta a doguwar tsaga, ya ɗaure ta da noti a ƙasan katakon. Da na farkon ya yi masa yadda yake so, sai ya yi abin da hannunsa ya saba yi da ƙafafun kujera: ya ɗora shi a kan na biyu, ya zagaye da fensir, ya fitar da shi sak, ko shi da ya yi su ba ya bambanta su.

A gida kuwa abubuwa suka fara ɓacewa. Matar Bahago ta nemi cokulanta na ƙarfe ta rasa, sai ta tarar da su a gindin bishiya, an gutsure musu mariƙi, an huda su, an rataya wa kowanne ƙugiya, don su riƙa walƙiya a ruwa kamar ƙananan kifi. Abin maƙale shanya ma ya ragu a igiya.

"Malam, kayana iska take kwashewa. Me kifi zai yi da abin shanya?"

"Shi zai riƙe zare a gindin katako. In kifi ya ja, sai ya saki."

"To in ka kamo shi, da hannu za ku ci, don cokali ya ƙare."

Tsohon keken jikansa, wanda ya daɗe a bayan ɗaki, shi ma ya rasa ƙafafunsa. Mai walda ya cire tayoyin, ya sa wa kowane wili mariƙi, ya zama abin naɗe zare da hannu ɗaya.

Ranar gwaji na biyu Nas ta zo gida da abin awon jini ba ta same shi ba, aka ce yana gada. Ta tarar da su biyun zaune, ƙafafu a reto, kamar masu gudun makaranta. Ta tsaya a bayansu ta harɗe hannu.

Bahago ya saki na farko. Katakon ya ɗan yi jim, ya kafa hanci, sai ya tsaga ruwa ya nufi dama, ya yi ta tafiya har ya kusa goga bangon magudanar, ya tsaya can yana rawa, igiya ta yi tsam.

"Ya tafi!" in ji Auta, ya buga cinya. "Yaya, ya tafi! Wa ya fere hancin nan?"

"Wa ya faɗa maka yadda za ka fere? Saki ɗayan."

Auta ya saki na biyu ta hagu. Shi ma ya yi jim, ya kafa hanci, ya tsallaka magudanar ya nufi dama, ya hau kan ɗan'uwansa. Igiyoyin suka sarƙe, katakan suka yi ta karo.

"Kai ka sake shi ba daidai ba."

"Ni? Iri ɗaya suke, Yaya, ko gashi ɗaya ba su bambanta ba. In na farko ya yi, dole na biyu ya yi."

"To ga shi ya yi, ya yi abin da na farko ya yi."

Suka jawo su, suka warware, suka sake gwadawa, suka sake samun abin da suka samu. Murya ta fara tashi. Nas ba ta yi niyyar sa baki ba, maganar ce ta kuɓuce mata.

"Baffa, ai takalmi ƙafa ɗaya ka yi masa. Duka biyun na dama ne."

Suka juyo tare. Auta ya ɗauki katakan ya jera su a cinya, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi takalman ƙafarsa.

"Kash. Sai na sake yanko wani ke nan."

Yana faɗa yana jujjuya na biyun a hannu, cikin takaici, har ya kifa shi, ƙasa ta koma sama. Sai hannunsa ya tsaya. Hancin yana gaba yadda yake, amma firar da zoben sun koma ɗaya fuskar.

"A'a, tsaya. Ba sai na yanka ba. Darmar ce kawai za ta sauya gefe."

Nan take ya zaro abin kwance noti daga aljihu, ya cire darmar, ya ɗaure ta a ɗaya gefen da waya don gwaji. Suka saki. Na farko ya yi dama, na biyu ya yi hagu, igiyoyin suka buɗe a gaban Bahago kamar tsuntsu ya ware fukafukai. Ya riƙe su biyun a hannu ɗaya yana jin yadda suke ja.

"Likita ta ba da magani," ya ce, bai waiwayo ba.

"Ni ban ce komai ba. Miƙo hannunka in auna."

Ta auna, ta naɗe abin awon, ta mayar jaka kusa da tiyo. Ba ta ce komai a kan jinin ba, shi kuwa ya san in ta yi shiru to bai hau ba.

Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa lokacin da aka gama kafa komai. An sa gajeren sanda a kowane gefen kwale-kwalen don igiyar katako, an ɗaure wilin keken biyu a inda hannun damansa zai kai. Auta ya shafa wa katakan jan fenti don a hango su daga nesa. 'Yan bakin ruwa har sun sa musu suna, fukafukan Bahago.

Ranar hutunta da safe Nas ta sauko bakin ruwa, ta ciro tiyo ta haɗa da hannunta. Ta kuma zo da rigunan da ke hana nutsewa guda uku.

"Uku na wa da wa?" in ji Auta, wanda ya zo rakiya kawai.

"In noti ya kwance a tsakiyar ruwa, Baffa, wa zai ɗaure?"

"Ku dawo da shi in ɗaure a nan."

"Shiga, Auta," in ji Bahago. "Ka riga ka gaisa da shi."

Auta ya shiga yana addu'a, ya ƙi benci, ya zauna a ƙasan kwale-kwalen ya kama gefe da gefe. Nas ta zauna a gaba tana fuskantar ubanta. Bahago ya tada inji a zaune, ya sa mariƙin tuƙi a hammata. Da suka fita daga ciyawa ya rage wuta, ya saki fukafukan ɗaya bayan ɗaya. Suka buɗe, suka yi nisa, jajaye biyu suna tsaga ruwa, cokula suna bin su a ƙasa.

Suka daɗe ba abin da ya faru. Rana ta ɗaga. Suka bi gefen duwatsu, suka zagaya wani tsohon kututture da ke tsaye a ruwa. Nas ba katakan take kallo ba, gwiwoyin ubanta take kallo.

Can abin shanyar dama ya yi ƙara, tas, zare ya saki. Bahago ya kashe inji, ya kama wili yana naɗewa. Kifin bai yi gardama sosai ba. Ya jawo shi gefen dama, ya sa 'yar koma mai gajeren mariƙi ya kwaso shi, ya zube shi a kan ƙafar Auta. Tsawonsa bai wuce daga gwiwar hannu zuwa yatsa ba.

"Wannan ne muka bar gadon mutane saboda shi?" in ji Auta, yana janye ƙafa. "Ko kyanwa sai ta nemi ƙari."

"Kifi dai aka ce," in ji Bahago, ya saci kallon 'yarsa. "Ba a faɗi girma ba."

"Har dawowa na ce, Baba. Ba mu dawo ba."

Suka juya suka nufo gida. Sun wuce kututturen da kaɗan sai katakon hagu ya yi baya kamar an fizge shi, ya nutse, ya taso, abin shanyar ya yi tsalle sama. Wilin ya kama juyawa da kansa yana kuka. Bahago ya kashe inji, ya danne wilin da tafin hannu har ya lafa, sannan ya fara naɗewa. In kifin ya ja sai ya sakar masa, in ya huta sai ya karɓo. Gumi ya jiƙa masa wuya. Kwale-kwalen da kansa ya juya ya bi zaren.

Da ya taso kusa, sai da Auta ya manta da tsoro ya leƙa. Giwan ruwa ne, bayansa kamar turmi, cokali yana walƙiya a gefen bakinsa. Ya zo ya kwanta a gefen hagu, gefen hannun da ba ya motsi, yana buɗe baki yana rufewa.

Nas ta yunƙura za ta kai hannu.

"Zauna," in ji Bahago. "Ranar da ba kya nan wa zai ɗaga mini?"

Ya danne wilin da gwiwa, ya ɗauki komar da dama, ya miƙa ta ƙetaren jikinsa. Ba ta kai ba. Ya ƙara miƙewa. Saura kamar taƙi ɗaya. Da tsaye yake, da tuni ya sa hannu a kunnen kifin ya mirgino shi ciki, abin da ya yi tun kafin a haifi wadda ke kallonsa. Ƙafarsa mai lafiya ta janyo kanta ƙarƙashin benci. Bayansa ya sankare. Kwale-kwalen ya ɗan karkata, ruwa ya leƙo bakinsa. Nas ta zuba wa gwiwoyinsa ido.

Sai ya saki numfashi, ya mayar da ƙafar inda take, ya daidaita zamansa a kan benci.

Kifin ya kaɗa kai sau ɗaya. Cokalin ya fita ya bugi gefen kwale-kwale. Suka ga inuwarsa tana nutsewa a hankali, ba ko gaggawa.

"Wayyo Yaya!" in ji Auta. "Da ka ɗan miƙe!"

"Kai ba ka da ƙafa?"

"Ni hannuwana suna da aiki, su suke riƙe da jirgin nan."

Bahago ya jawo cokalin ya duba. Ya lanƙwashe, ƙugiyar ta buɗe. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan kafaɗarsa ta fara girgiza, dariya tana fitowa ta gefen bakin da ke aiki.

"Ya ci. Kun gani da idonku, ya ci cokalin uwarki. Yana nan, kuma na san inda yake kwana."

Nas ta juya fuska wajen ruwa, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce iska ce.

Da hancin kwale-kwalen ya taɓa yashi, Auta ne ya fara fita, da rarrafe. Nas ta bi shi. Bahago bai motsa ba, yana zaune, hannu a gwiwa, masu ɗiban yashi suna kallo.

"Likita, an dawo ko da saura? A ba ni izini in miƙe."

Ta dawo ta shiga ruwa har idon sawu, da takalmanta, ta miƙa masa hannu. Ya kama ya tashi. Ya tsaya yana jira ta zagaya wajen inji ta sake zare tiyo, amma sai ta ɗauki ƙaramin kifin ta rataya jakarta a kafaɗa.

"Rigar nan ba a cire ta sai a kan tudu. Magani kafin fita, ba bayan dawowa ba. In hadari ya haɗu, gida."

"Mutumin naki fa?"

"Zan ce masa mai shi bai gama da shi ba."

Auta ya riga ya zaro abin awo. Ya koma bakin kwale-kwalen, daga waje, yana auna daga bencin yayansa zuwa gefen hagu, daga nan zuwa ruwa. Ya ciro fensir ya yi alama a jikin katakon.

"Mariƙin komar nan ne ya cuce mu. Dogo za a yi, ya ƙetare jikinka. Kuma miƙaƙƙe ba zai yi ba, sai an lanƙwasa shi wajen wuya."

"A lanƙwashe? Daga shagonka?"

"Ta ƙofar baya zan fito da shi. Koma ka zauna, Yaya, in ga inda hannunka ke tsayawa."